Yadda Waƙata ta Farko ta Fito daga Situdiyo a Titin Gidan Zoo

A gidanmu ba a gaji kiɗa ba. Mahaifina tela ne, kakana ma da allura ya ci abinci, kuma a unguwarmu ta cikin birnin Kano in aka ce wane mawaƙi ne, abin da kunnen dattawa ke ji shi ne maroƙi. Saboda haka kafin a zo maganar situdiyo da makirufo, sai da na fara neman izini a gida, kuma duk cikin matakan da na taka babu wanda ya kai wannan nauyi.

A Islamiyya aka san muryata. Ni nake jan baiti in za a yi walimar sauka, sauran yara suna amsawa. Malaminmu na Larabci shi ya fara nuna min cewa waƙa tana da ma'auni: kowane ɗango ya yi daidai da ɗan'uwansa a tsayi, kowane baiti ya sauka a kan gaɓa ɗaya, wato amsa-amo. A wurinsa na san 'yar tagwai da ƙwar huɗu da ƙwar biyar. Da na gama sakandare na koma shagon Baba, ina ɗinki ina rubuta baitoci a bayan littafin da muke rubuta awon kaya. Waƙoƙin da nake rubutawa a lokacin sun bar na makaranta, sun koma irin waɗanda ake cewa nanaye, na soyayya da zaman duniya.

Ban tunkari Baba da kaina ba, don ba a haka. Kawuna, ƙanen Umma, shi na kai wa kuka. Ya saurare ni, ya sa na rera masa baiti biyu a soro, sannan ya ce in ba shi lokaci. Ranar da aka kira ni, ina durƙushe a gefe, Kawu ya ce, "Yaya, yaron nan in an hana shi a sarari zai yi a ɓoye. Gara ya yi da saninmu, mu san inda yake zuwa da waɗanda yake zama da su." Baba ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki sharuɗɗa ya kafa: ba batsa, ba zambo ga ɗan kowa, ba kwana a waje, kuma ba zan bar keken ɗinki ba sai ranar da waƙa ta iya ciyar da ni. Na ce, "Na ji, Baba, Allah ya ƙara girma." Har yau a kan waɗannan sharuɗɗa nake, kuma kowannensu ya taɓa hana ni kuɗi.

A shekarar 2022 wani abokina mai gyaran waya a Farm Centre ya haɗa ni da wani situdiyo a Titin Gidan Zoo, inda yawancin ofisoshin 'yan fim da mawaƙan Kano suke. A saman bene yake, ɗaki ne guda da aka raba biyu da gilashi. Ɓangaren da mawaƙi ke shiga an lulluɓe bangonsa da soso don kada sauti ya dawo, babu fanka a ciki saboda makirufo yana ɗaukar ƙararta, ga zafi kamar me. A ɗaya ɓangaren akwai kwamfuta, da piyano ƙirar Yamaha, da lasifika biyu, da wata doguwar kujera da masu jiran layi ke zama. Mai wurin makaɗi ake ce masa, duk da ban taɓa ganin ya riƙe ganga ba. Kalangu, da sarewa, da algaita, da goge, duk daga cikin piyanon nan da manhajar kwamfuta yake fito da su.

Ba a matsayin mawaƙi na shiga ba, yaron situdiyo na zama. In na tashi daga shago da yamma sai in wuce can, in yi shara, in sayo fetur a galan, in tayar da janareta in an ɗauke wuta, in sayo wa Maigida abinci. Wasu samari suna ganin wannan ƙasƙanci ne, sun fi son su zo da kuɗinsu a ɗora musu murya su tafi. Ni dai abin da na koya a kan doguwar kujerar nan babu kuɗin da zai saya min shi. A nan na ga yadda ake gina waƙa tun daga tushe. Mawaƙi zai tsaya ya rera karinsa da baki, babu kiɗa. Maigida zai riƙa taɓa piyano da yatsa ɗaya yana laluben inda muryar ta zauna, har ya kamo ta. Sai ya tsayar da saurin bugun, ya fara shimfiɗa ganga, ya bi ta da sauti mai kauri na ƙasa, sannan ya zo da kayan ado, sarewa a nan, tafi a can. Da manhajar FL Studio yake haɗa kiɗan, ya koma manhajar Cubase wajen ɗaukar murya. Sai kiɗa ya tsaya da ƙafarsa sannan mawaƙi zai shiga ɗaki ya hau.

Ran da na fara tsayawa gaban makirufo, amshi aka sa ni a waƙar wani, saboda ɗaya daga cikin masu amshin bai zo ba. Da na sa abin ji a kunne, muryata ta dawo min tsirara, har da numfashina da ƙarar haɗiyar yawu. Na fara ke nan Maigida ya tsayar da kiɗa, ya danna maɓalli ya yi min magana ta cikin kunne: "Kai, gudu kake yi ka bar kiɗa a baya. Nan ba Islamiyya ba ce da yara za su biyo ka. Kiɗa ba ya bin kowa, kai za ka bi shi." Ya fito da kansa ya ja ni baya kamar taƙi ɗaya daga makirufo, ya ɗan karkatar da fuskata don kada iskar bakina ta riƙa bugunsa. Ya nuna min inda zan saci numfashi a tsakiyar ɗango ba tare da an ji ba. Muka maimaita, muka sake maimaitawa, har rigata ta jiƙe sharkaf. Da na fito bai yabe ni ba, cewa kawai ya yi gobe ma in zo da wuri. A wurinsa wannan yabo ne babba.

Sai da na tara kuɗin ɗinkin da na yi na wata Sallah sannan na ce masa ina da tawa waƙar. A kan saurayi take, wanda tsadar lefe ta tsayar masa da aure, yana ba wa budurwarsa haƙuri, ita kuma tana ba shi amsa. Lokacin ya faɗo a farkon 2023, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu da na gwamna na 18 ga Maris. Duk situdiyon da ke kan titin nan ya cika da waƙar siyasa, kuma masu ita suna biya ba ciniki. Irina mai ƙaramin ƙarfi sai dai a ba shi tsakar dare, ni kuwa ba ni da izinin kwana a waje. Maigida ya ce to in zo bayan sallar asuba. Wanda duk ya san murya ya san da sassafe nauyi gare ta, sai na riƙa tahowa da ruwan ɗumi da citta a fulas, ina rera abu ƙasa-ƙasa a cikin adaidaita sahu har in iso. A kwanakin ne kuma aka nemi in yi amshi a wata waƙar siyasa da ke cike da habaici ga wani ɗan takara, kuɗin ma masu kauri ne. Na ba da haƙuri na fita waje. A daidai lokacin ake fama da ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ga kuɗinka a banki amma mai fetur na bakin titi ya ce shi sai tsaba. Akwai safiyar da muka zauna shiru, ga kiɗa a kwamfuta, ga mawaƙi, babu man da za a tayar da inji.

Abin da ya fi tsaya min a rai a aikin nan shi ne shigowar 'yar amshi. Yarinya ce da ta daɗe a harkar fiye da ni, muryarta tana cikin waƙoƙin da ba su ƙirguwa, amma ko a hanya kuka haɗu ba za ku san ita ce ba. Takan zo da ƙanenta, ya zauna a waje yana jiranta. Na miƙa mata takardar da na rubuta baitocin budurwar. Ta karanta a tsaye, ta ɗaga kai ta ce, "Malam, mace ba za ta faɗi haka ba. Ka sa tana cewa ta ƙosa ta ga akwati. Ba akwatin take jira ba, so take ta ga magabatanka sun zo gidansu, ta samu abin da za ta rufe bakin ƙawaye da shi." Ta karɓi biro, ta soke ɗango biyu, ta rubuta nata a kan cinyarta, kuma ba ta karya min amsa-amo ba. Da ta shiga ɗaki ta rera su, Maigida ya cire hannu daga kan kwamfuta ya juyo ya kalle ni. Daga baya, da waƙar ta fita, wannan wurin ne 'yan mata suka riƙa yanka suna hawa a TikTok.

A al'adar wurin, 'yar amshi ana biyanta kuɗin ranar ne, shi ke nan an rabu. Waƙa ta yi kasuwa ko ta kwanta, ba ruwanta, kuma sau da yawa ko sunanta ba a ambata. Ni ina ganin wannan ba adalci ba ne, kuma ban fasa faɗa ba ko a gaban manya. Rabin daɗin waƙoƙin nanaye a muryar mata yake. In aka cire su, abin da zai rage kaɗan ne.

Bayan ɗaukar murya sai tacewa da daidaita sauti, aikin da mawaƙi ba shi da ta cewa a ciki sai kallo. Maigida ya bi muryata gaɓa-gaɓa yana share numfashi, yana ɗaga inda ta nutse. Da ya zo sa Auto-Tune, manhajar nan da ke miƙe murya in ta kauce, na roƙe shi ya sassauta. Ya ce kasuwa ta saba da jin muryar nan mai ƙarfe-ƙarfe. Na ce ina so in an kira ni biki, abin da za a ji a bakina ya yi kama da abin da aka ji a waya. Ya yi dariya ya rage, amma bai cire duka ba, kuma gaskiyarsa ne, akwai wuraren da ya rufa min asiri.

Kafin mu gama, aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Situdiyon da rabin aikinsa a kan janareta yake ba shi da zaɓi, kuɗin zama ya tashi. Ni an riga an yi min ciniki, Maigida bai ƙara min ko kwabo ba, amma samarin da suka zo bayana da yawa sun koma gida da littafinsu a hannu.

Sai maganar hukuma. A Kano akwai Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, kuma mawaƙa ma suna ƙarƙashinta. A 2023 aka naɗa Abba El-Mustapha, wanda shi ma ɗan fim ne, ya shugabance ta, ba da daɗewa ba hukumar ta soke lasisin 'yan masana'antar ta ce kowa ya sake rajista. Sai na tsinci kaina a layi ɗaya da mutanen da a talabijin kawai nake ganinsu. Na cika fom, na kai hotuna, na biya abin da aka yanka. Mawaƙa da yawa suna ƙorafi a kan tacewa, kuma wani ƙorafin yana da tushe, don mai hikima ba ya son a riƙa leƙa masa takarda. Amma ni ta yi min wani amfani da ban zata ba. Ran da na kai wa Baba shaidar rajistar, ya sa tabarau ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya ninke ya ba ni. Daga ranar, in abokansa suka tambaya, sai ya ce, "Yana waƙa, amma da rajistarsa."

Fitar da waƙa yanzu ba kamar da ba ne. Manyanmu suna ba da labarin lokacin da ake kai kaset da faifai Kasuwar Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su saya su buga. Wannan ya wuce. Yau waƙa tana fita ne ta YouTube da Audiomack da TikTok, sai kuma masu turi, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa da tasha suna loda wa mutane waƙoƙi a waya. Su ne ke kai ka ƙauyen da intanet ba ta da ƙarfi, amma ko sisi ba ya dawowa wurinka. Da ƙafata na kai musu tawa, don wanda ba a sani ba, a ji shi tukuna ya fi masa komai. Na buɗe tasha a YouTube, na ɗora waƙar da hoto ɗaya tak, saboda kuɗin bidiyo ya fi ƙarfina. YouTube kuwa ba ya fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda.

Waƙar ta yi shiru na wani lokaci, sannan ta tashi. Na fara jin ta a shagon mai shayi, na ji ta a cikin adaidaita. Ana cikin haka wani ya turo min wata tasha da ta fi tawa girma nesa ba kusa ba. Mai ita ya ɗauki waƙar, ya yanke farkonta inda na ambaci sunana da na Maigida da na 'yar amshi, ya manna hoton wasu masoya, kuma masu kallonta a can sun ninka nawa. Ranar ban iya taka keke ba. Na aika masa saƙo cikin ladabi, bai amsa ba. Maigida ne ya zaunar da ni ya nuna min inda ake shigar da ƙorafin haƙƙin mallaka a YouTube. Ainihin aikin yana cikin kwamfutarsa, kowace murya a layinta da ranar da aka ɗauka, don haka ba mu da fargabar a ce mu kawo hujja. Bayan ɗan lokaci aka sauke ta daga waccan tashar. Ƙasar nan tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, amma a cikin samarin da muke zama da su a situdiyo, da wuya ka sami wanda ya taɓa jin labarinta.

Wannan rigima ita ta tayar da tambayar da ba mu taɓa yi wa juna ba: waƙar ta wa ce? Baitoci nawa ne, ban da ɗango biyu. Kiɗa na Maigida ne, ko da yake na biya kuɗin zama. Murya ta mutum biyu ce. A harkarmu komai da baki ake yi, a ce ai mun zama ɗaya, sai ranar da kuɗi ya shigo a fara gaba. Na ce mu rubuta. Maigida ya ɗan ɓata rai, ya ce, "Ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce, "Wallahi na yarda da kai, Maigida, don zumuncin ya ɗore ne." Kawu ne ya zo ya zama shaida, ya tuna mana cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Shafi ɗaya muka rubuta da Hausa, kowa da kasonsa, har da 'yar amshi, wadda yayanta ya sa hannu tare da ita.

Abincin mawaƙi matashi dai ba a intanet yake ba, a biki yake. Sanadiyyar waƙar nan wata ƙawar amarya ta kira ni ta ce suna son waƙar aure. Ta turo min jerin sunaye: ango, amarya, iyaye, gwaggwanni, ƙawaye, abokan ango, har da launin anko. Wannan wani fanni ne daban, kuma ban yarda da masu raina shi ba. Ka jera suna talatin a kan kari ɗaya, kowanne ya zauna daram, ka ba kowa kirarin da ya dace da girmansa, uwar amarya kada ta zo bayan ƙawa, wannan gwaninta ce. In ka manta da gwaggo ɗaya kuwa, har a gama biki ana maganar.

A wurin kamu na fara tsayawa gaban jama'a. Zauren cike yake da mata, mai saka kiɗa ya tambaye ni ko zai saki waƙar da muryata in riƙa motsa baki, kamar yadda wasu ke yi. Na ce ya saki kiɗa zalla. Gwiwoyina suna rawa, baitin farko ya fito a shaƙe. Da na zo kan sunan kakar amarya, wata tsohuwa da ke zaune a gaba ta ɗaga hannu, aka rangaɗa guɗa, sai na ji ƙirjina ya buɗe. Daga nan abin da na koya a Islamiyya ya dawo min: ka kalli mutane, ka ja, ka ba su wuri su amsa. Liƙin da aka yi ba nawa ba ne ni kaɗai, an fitar wa mai saka kiɗa, da mai gabatarwa, da yaran da suka tsince kuɗin. Yanzu ma liƙin ya sauya, tun da hukumar EFCC ta matsa wajen kama masu watsa naira a 2024, bisa dokar Babban Banki ta 2007 da ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. A bukukuwa da yawa faranti ake ajiyewa, wasu kuma su nemi lambar asusu.

Tashata ta cika sharuɗɗan YouTube daga baya. Da na duba inda masu sauraro suke, na ga Kano da Kaduna, na ga Nijar da Ghana da Kamaru, har da Saudiyya. Kuɗin ba ya fitowa sai ya kai dala 100, kuma kafin nan sai an aiko maka da wasu lambobi a takarda ta gidan waya don a tabbatar da adireshinka. Da kuɗin farko ya shigo, bai kai abin da nake samu a ɗinkin sati biyu na azumi ba. Na ɗauko takardarmu na raba shi yadda muka rubuta. Na kai wa Maigida nasa hannu da hannu. 'Yar amshi ta yi aure a lokacin, ta bar zuwa situdiyo, sai na tura nata ta asusun yayanta, na kira shi na ce ya duba ya shaida mata.